Akwatin Kawu Maiwada

Shekara talatin yana kuku a Ikko,
gidan wani Kwara mai sayar da yadi.
Ran da ya dawo Rafindadi
bai zo da mota ba, bai zo da rediyo ba,
sai ciwon gwiwa, da cokula masu yatsu guda shida,
da ɗan akwatin katako mai ƙamshin taba.

"Siga ce," in ji shi.
Na ce, "Ta shayi?"
Ya dube ni kamar na taka masa sallaya.
Ya buɗe. Ga su kwance a jere,
kowace kaurin yatsan maƙeri,
da zoben takarda a wuya,
ganye bisa ganye, launin makuba.

"Bishir, zaɓe da kunne ake yi.
Murza ta nan, kusa da kunnenka.
In ta yi ƙara kamar harawa, ta mutu.
In ta lotsa kamar tuwon jiya, ta sha ruwa.
Wadda kake nema ta ɗan ba ka hanya ta dawo,
kamar dabino mai kyau.
Sannan hanci.
In ba ka ji ƙasar ruwan farko ba,
da ɗan warin majema daga nesa,
ajiye ta, ko a kyauta babu riba."

Bazarar Katsina ba ta san baƙo ba.
Tana tsaga tulu, balle ganye.
Sai ya sa akwatin cikin gwangwani,
gwangwanin bisa yashin gindin randa,
da tsumma mai laima a murfi.
Kullum da asuba ya yayyafa wa yashin ruwa
kafin ya sha nasa.
"Kar a kusa da daddawa,
kar a kusa da turaren Gwaggo Indo.
Halin maƙwabci take ɗauka, kamar yaro.
Kuma ka riƙa dubawa.
Huda ɗaya kamar ta allura,
ƙwaro ya riga ka zuwa gaba."

Daren da ya ce na isa,
muka hau soro bayan lisha,
inda liman ba zai hango ba.
Ya yanke mata kai da reza,
kaɗan, kamar yankan farce.
Bai yarda da wutar kananzir ba,
garwashin ƙirya ya hawo da shi a kasko,
yana juya bakinta a kai
sai ka ce mai gasa masara ɗaya tak a duniya.
"Ja a hankali. Riƙe a baki. Saki.
Kar ka haɗiye. Kar ka kaɗe tokar,
ita ta san lokacin zuba."

Na haɗiye.
Hasumiyar Gobarau ta zama biyu,
ta zama uku, ta kwanta.
Tuwon dare ya dawo ya gaishe ni.
Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi tsakar gida,
dariyar ta koma tari,
ni na warke kafin asuba,
tarin bai tsaya ba.

Damina biyu muna zuwa asibiti.
Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa wajen taga,
ya tambayi shekara nawa.
Kawu ya ce, "Ai ban taɓa haɗiyewa ba."
Likita bai ce komai ba.
A hanya ya sa na tsaya Kofar Soro
ya sayi rake, ya kasa sha.
Ya rasu wata Laraba.

An raba gado: cokula ga Gwaggo Indo,
riguna ga ƙannensa.
Gwangwanin babu wanda ya tambaya.
Uku suka rage a ciki.
Har yau ina yayyafa wa yashin ruwa,
ina jiƙa tsumma, ina duba huda.
Wani dare nakan ɗauki ɗaya
in murza ta kusa da kunne.
Tana ba ni hanya, tana dawowa.
In mayar, in rufe.
Ashana na aljihuna, ban ƙyasta ba.